Kogi, Madatsa da Gargaɗi: Tarihin Ruwa Daga Kulungugu Zuwa Salaga

Kulungugu ƙaramin gari ne a ƙuryar arewa maso gabashin Ghana, a bakin iyaka da Burkina Faso, ba nisa daga Bawku. Bisa da Kusasi da Mosi da Hausawa suna zaune tare a wannan yanki, Hausa kuwa ita ce harshen ciniki. Duniya ta fara jin sunan garin ran 1 ga Agusta 1962, sa'ad da aka jefa bam kusa da Shugaba Kwame Nkrumah yana kan hanyarsa ta dawowa daga Tenkodogo, inda ya gana da Shugaba Maurice Yameogo. Bayan shekara 45 sunan ya sake cika gidajen rediyo, gama a daminar 2007 ruwa ya karya gadar Kulungugu, ya yanke hanyar manyan motoci tsakanin ƙasashen biyu.

Mutane da yawa suna ɗaukar ambaliya kamar abin da ya faɗo daga sama dare ɗaya. Amma wanda ya bi tarihin wannan ƙasa zai ga cewa ambaliyar yau tana da asali. Kowace na'ura da ta shigo ta kawar da wata wahala, ta kuma jawo mutane kusa da kogi fiye da dā. Na'urorin da suka zo daga baya, wato rediyo da wayar hannu, su ne ke kawo gargaɗi. Amfaninsu kuwa ya rataya a kan abin da mutum ya yi da labarin bayan ya ji shi.

Zamanin fatake

Tun kafin zuwan Turawa, fataken Hausa suna zuwa Gwanja neman goro. Sukan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu. Waɗansu sukan bi ta Sansanin Mango su faɗo Yendi, babban birnin Dagwamba, waɗansu kuma su ratso ƙasar Mosi su sauko ta wajen Bawku. Duk hanyoyin a Salaga suke haɗuwa.

Ruwa ne yake tsara wannan tafiya. Madugu ba ya ta da ayari sai koguna sun janye, kuma kowane zango a bakin rijiya ko rafi ake yinsa. Idan damina ta riski ayari a hanya, sai a zauna wuri ɗaya har ruwa ya ba da hanya, ko da za a yi watanni. Ba wanda yake ganin wannan jira a matsayin hasara, domin kowa ya san kogi ba a yi masa gardama.

Salaga kanta ƙishirwa ce babbar damuwarta. Mutanen garin sun haƙa rijiyoyi da ramukan tara ruwa da yawa ƙwarai, har ake yi mata kirari da garin rijiya dubu. Baƙin da suka ziyarce ta, irin su Theophilus Opoku na mishan ɗin Basel a 1877 da Bafaranshen nan Binger a 1888, sun tarar da babbar kasuwa cike da jama'a daga ƙasashe masu nisa. A wannan kasuwa ana sayar da bayi, abin baƙin ciki da ba za a ɓoye ba, kuma da yawa cikin rijiyoyin nan guminsu ne ya haƙa su. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin. Hausawa suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo, cikinsu har da shahararren malamin nan Alhaji Umaru, wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi.

A wancan zamani labari da ƙafa yake tafiya. Idan kogi ya cika a arewa, mutanen kudu ba su sani ba sai sun ga ruwan ya sake kama, yana ɗauke da kumfa da itatuwa. Daga nan sai mai shela ya fita da ganga. Gargaɗin gajere ne, amma hasarar ba ta da yawa, domin mutane kaɗan ne suke zaune a bakin kogi. Dalilin haka shi ne abu na gaba.

Kogin da ke cin idanu

Babban kogin wannan yanki shi ne Farin Volta, wanda mutanen Burkina Faso suke kira Nakambe. Yana tasowa daga arewacin ƙasarsu, ya shigo Ghana yamma da Bawku, ya bi ta Pwalugu da Daboya da Yapei. Ƙasar da ke gefensa baƙa ce mai albarka, amma shekaru aru-aru tana kwance ba mai noma. Mutane suka cunkushe a kan tudu, suna noma ƙasar da ta gaji, alhali ga fadama a gabansu.

Abin da ya kore su ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ne, wanda yake hayayyafa a inda ruwa ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu. Idan ya ciji mutum yakan bar masa tsutsa. Tsutsar takan girma cikin ƙullutu a ƙarƙashin fata, ta haifi dubban 'ya'ya waɗanda suke yawo cikin jiki. Da farko sai ƙaiƙayi mai tsanani, daga baya fata ta lalace, a ƙarshe ido ya mutu. Mosi suna da magana cewa kusantar babban kogi yana cin idanu. A ƙauyukan da ke kusa da Farin Volta da Jan Volta, irin na wajen Nangodi, an saba ganin yaro yana jan uba da sanda tun uban bai tsufa ba.

Haka aka yi ta kai da kawo. Yunwa takan tura iyali su gangara fadama, su yi 'yan shekaru suna samun hatsi, sai makanta ta yi yawa, waɗanda suka rage su koma tudu. Bayan wani zamani jikokinsu su sake gwadawa. Ikilisiya ta tarar da wannan hali, ta kuma sa hannu. Asibitin Presbyterian na Bawku ya yi suna wajen aikin ido, kuma a Garu an kafa aikin koya wa makafi noma da sana'a domin su ci da kansu.

Jiragen sama da ƙwayar magani

A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da Bankin Duniya da waɗansu hukumomi, suka soma babban shirin yaƙi da wannan cuta. Hedkwatarsa tana Wagadugu. Ƙasashe 7 ne suka fara, har da Ghana da Nijar da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, daga baya suka zama 11. Kowane mako jirage masu saukar ungulu sukan bi koguna suna zuba maganin da ke kashe 'ya'yan ƙudan tun suna cikin ruwa. Tun da babbar tsutsa takan rayu wajen shekara 14 a jikin mutum, dole aka ci gaba da feshin shekara da shekaru ba fashi. A 1987 kamfanin Merck na Amurka ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta. Aka riƙa raba shi ƙauye ƙauye, ana auna tsawon mutum da sanda domin a san ƙwaya nawa za a ba shi. An rufe shirin a 2002, bayan ya buɗe wajen hekta miliyan 25 na ƙasar noma a Afirka ta Yamma.

Wannan aiki abin godiya ne ga Allah. Yaran da aka haifa bayansa sun girma da idanunsu. Amma da ƙuda ya tafi, sai shingen da ya tsare bakin kogi ya tafi tare da shi. Manoma suka gangara, suka sare kurmin da ke riƙe da gaɓa, suka shuka masara da gero har leɓen ruwa. Daga baya ƙananan injunan ban ruwa masu aiki da fetur suka yi araha, sai noman rani na albasa da tumatir da kankana ya bunƙasa, albasar Bawku kuma ta ƙara suna a kasuwannin kudu. Masu gawayi da masu zarton inji suka bi bayansu. Ba mai iya zargin talaka don ya nemi abinci a inda ƙasa take da kyau. Duk da haka gaɓar da ba ta da itace zaizayewa take yi, yashi ya cika cikin kogi, kogin da ya cike da yashi kuwa ruwa kaɗan ya isa ya sa shi tumbatsa.

Fari da madatsu

Kafin a zo kan ambaliya, ya kamata a tuna cewa rashin ruwa ne ya haifi madatsu. Madatsar Akosombo, wadda aka gama a 1965, ta ba Ghana wutar lantarki, amma tafkinta ya ta da mutane wajen 80,000 daga gidajensu. Tsohon garin Kete Krachi, inda 'yan gudun hijirar Salaga suka sami mafaka, ya nutse a cikinsa. Tafkin ya miƙo har kusa da Salaga, a Makango, inda jirgin fito yake ƙetarawa zuwa Yeji.

Sai kuma fari na shekarun 1970 da na 1983. Shekarar 1983 ba ta fita daga bakin tsofaffi ba. Ruwa ya ƙi, wutar daji ta cinye gonaki har a kurmin kudu, ga kuma mutanen Ghana wajen miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya a farkon shekarar. Ikilisiyoyi suka zama wuraren rabon abincin agaji. Burkina Faso, wadda ta fi Ghana bushewa, ta ƙudura ta tare ruwanta. Ta gina madatsar Bagre a kan Nakambe, kusa da Tenkodogo, aka gama ta a 1992. Tana iya riƙe ruwa wajen kubik mita biliyan 1.7, tana ba da wutar lantarki, tana kuma shayar da gonakin shinkafa. Kamfanin wutar lantarki na ƙasar, SONABEL, shi ke kula da ita.

Madatsa kamar randa take, idan ta cika dole a rage. Sa'ad da ruwan Bagre ya kai wajen mita 235 bisa ma'aunin injiniyoyi, sai a buɗe ƙofofi domin kada bangon ya fashe. Wannan yakan faru a Agusta ko Satumba, daidai lokacin da ƙasar Ghana ta riga ta ƙoshi da ruwan sama, hatsi kuma yana gab da nuna. A 1999 an buɗe ta, ruwa ya yi ɓarna mai yawa a arewacin Ghana, mutane kuwa suka yi kukan cewa ba a faɗa musu da wuri ba.

Shekarar 2007

Daminar 2007 ta fara da fari. An yi shuka, ruwa ya ɗauke makonni, gero ya bushe a gona, waɗansu suka sake shuka da ɗan irin da ya rage. A ƙarshen Agusta sai sama ta buɗe, aka yi ta ruwa kwana da kwanaki a Ghana da Burkina Faso da Togo. Cikin wannan hali aka buɗe Bagre. Gidajen ƙasa suka jiƙe daga tushe suka zube, rumbuna suka tafi da abin da ke cikinsu, rijiyoyi suka gurɓace. Gadar Kulungugu ta karye, haka kuma ta Tamne a wajen Garu. A Satumba gwamnatin Shugaba John Kufuor ta ayyana jihohin arewa uku a matsayin wuraren da bala'i ya auka wa. Mutanen da abin ya shafa sun kai wajen 300,000.

Tun daga lokacin ra'ayi ya rabu. Waɗansu suna ɗora laifin duka a kan Bagre, har yara sun san sunan kamar sunan dodo. Masana ruwa kuwa suna nuna cewa koguna da yawa suna zuba cikin Farin Volta a ƙasan madatsar, saboda haka ko ba a buɗe ta ba, ruwan sama mai yawa ya isa ya kawo ambaliya. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Madatsa takan ƙara ruwa a kan ruwa, amma ba ita ta sare itatuwan gaɓa ba, ba ita kuma ta gina gida a kwari ba. Ambaliyar ta sake dawowa a 2010, ta kai har Gwanja, ta kuma dawo a 2018 da 2020. A Yendi kuwa kukan dabam ne, gama kogin Daka da garin ke sha daga gare shi yakan ƙafe da rani. Ƙasa ɗaya ce take fama da yawan ruwa wata biyu, ta yi fama da rashinsa wata shida.

An yi ƙoƙarin gyara. Ghana ta kafa hukumar agajin gaggawa, NADMO, a 1996. A 2007 ƙasashe 6 da ke shan ruwan Volta suka sa hannu a yarjejeniyar kafa hukumar kula da kogin tare, kuma Burkina Faso ta riƙa sanar da Ghana kafin ta buɗe ƙofofi. A Nuwamba 2019 aka aza harsashin madatsar Pwalugu, wadda aka ce za ta tare ruwan Bagre ta mai da shi na noma, amma har ƙarshen 2024 ba a gina ta ba.

Daga mai shela zuwa wayar hannu

Rediyo ya shigo Ghana a 1935, a Accra, amma ya daɗe bai kai ƙauye ba. Sai a shekarun 1960, da ƙananan rediyo masu batir suka yawaita, irin su Akasanoma da ake haɗawa a Tema, manomi ya fara rataya akwatinsa a reshen itace yana jin labarai da Hausa ko Dagbani. A 1986 aka buɗe gidan rediyon URA a Bolgatanga, mai magana da harsunan yankin, har da Kusal. Wayar hannu ta fara aiki a Ghana a 1992, amma a lokacin ta masu kuɗin birni ce. Bayan shekara ta 2000 ta bazu har ta shiga aljihun mai kiwo da mai tallan koko. A 2009 kamfanin MTN ya soma hidimar aika kuɗi ta waya.

Amfanin waɗannan abubuwa a lokacin ambaliya a bayyane yake. Sanarwar da ta fito daga Wagadugu da safe takan kai Bawku kafin azahar. Ɗa a Kumasi yakan kira tsohuwarsa ya ce ta hau tudu, ya kuma aiko da kuɗin mota a cikin wayar. Mai kwalekwale yakan san inda mutane suka maƙale. Wanda yake cewa waya ba ta kawo kome ba sai lalacewar yara, bai tuna da 1999 ba.

Amma akwai wani gefe. Waya tana hannun maza da samari fiye da mata da tsofaffi, alhali su ne suke gida sa'ad da ruwa ya zo. Saƙon da aka rubuta da Turanci bai amfani wanda bai yi makaranta ba. Idan hadari ya ɗauke wuta kwana uku, batir yakan mutu a daidai ranar da ake bukatarsa. Ga kuma jita-jita. A WhatsApp da Facebook akan yaɗa hotunan tsohuwar ambaliya a ce ta yau ce, ko a ce madatsa ta fashe alhali ba ta fashe ba. Mutumin da aka firgita sau uku a banza, ran na huɗu ba zai tashi ba. Kayan zamani kuma suna barin dattinsu. Ledar fiya wata da baƙar ledar kasuwa suna toshe magudanai a Bawku da Yendi da Salaga, har ruwan sa'a ɗaya ya shiga ɗakuna.

Mafi wuya duka shi ne halin manomin da ya ji gargaɗi sarai amma ya ƙi tashi. Ba taurin kai kaɗai ba ne. Masararsa saura mako biyu ta nuna, bashin taki yana wuyansa, kuma ba shi da wata gona a tudu. Sai ya shiga ruwa domin ya ceci 'yan zangarnu, wani lokaci kuwa ba ya fitowa. Waya ta gama nata aiki tun da ta yi ƙara. Abin da ya rage, wato hannun da zai taya shi girbi da wuri, da ɗakin da zai kwana, da hatsin da zai ci har wata shekara, wannan aikin maƙwabta ne.

Abin da ya rage ga ikilisiya

A sura 33 ta littafin Ezekiyel an ba da misalin mai tsaro wanda aka sa a kan garu da ƙaho. Idan ya ga hatsari ya busa, wanda ya ƙi ji alhakinsa yana kansa. Idan kuwa ya gani ya yi shiru, daga hannunsa za a nemi jinin mutane. A dā mai tsaro ɗaya ne a gari. Yanzu duk mai waya a aljihu an ba shi ƙaho, kuma alhakin nan ya hau kansa, ko ya sani ko bai sani ba. Wanda ya karanta sanarwa ya ci gaba da kallon wasa, bai leƙa gidan gwauruwar da ke kwari ba, ya yi shirun mai tsaro. Wanda kuma ya tura labarin da bai tabbatar ba, ya busa ƙahon ƙarya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun watan Yuli ya kamata kowace ikilisiya da ke kusa da kogi ta san gidajen da ke kwari, ta san makafi da tsofaffi da masu ciki da ke cikinsu, ta kuma sa wa kowane gida saurayi mai waya wanda zai kai labari da ƙafarsa. Sanarwar NADMO a karanta ta ran Lahadi da harshen da jama'a ke ji. A shirya ajin makaranta ko ɗakin sujada a tudu, a buɗe shi ga kowa, gama ruwa ba ya tambayar Kirista ko Musulmi, Kusasi ko Mamprusi ko Bahaushen zango. Limami da fasto da mai unguwa su riƙe lambar juna. Ƙungiyar mata da ta matasa su ware ranar gayya domin taya masu gonar fadama girbi.

Akwai kuma aiki mai tsawo. Tun 2011 Ghana tana da tsarin da ya ce a bar fili a gefen manyan koguna, daga mita 10 zuwa 60, ba tare da noma ba. Takarda ba ta dasa itace. Amma ikilisiyar da ta iya gina ɗakin sujada da gudummawar kwano kwano, za ta iya renon mangwaro da maɗaci ta dasa a gaɓa, ta kuma roƙi masu ƙasa su ba manomin da ya ja da baya wani wuri. Yusufu ya tara hatsi a shekarun ƙoshi domin shekarun yunwa, haka ma rumbun ikilisiya zai iya riƙe iri domin wanda ruwa ya cinye nasa.

Kakannin mutanen wannan ƙasa sun bar bakin kogi domin tsoron makanta. Allah ya kawar da wannan tsoro ta hannun masu ilimi, ya ba jikokinsu fadama da inji da rediyo da waya. Nesan da kakanni suka ba kogi bisa tilas, yanzu ya zama dole jikoki su ba shi bisa hankali, su kuma riƙa kai wa juna labari tun ruwa yana Bagre.